Abin da Ya Ishe Ka: Yadda Za Mu Rage Tufafi da Tarkacen Gida

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau ɗaka za mu shiga. Za mu buɗe durowa, mu janyo akwatin da ke ƙarƙashin gado, mu sauko da jakar da ta shekara a saman sif, sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a cikin kayan nan, nawa muke amfani da su, nawa kuma gadinsu kawai muke yi?

Kafin mu yi nisa, na san a cikin masu saurarona akwai wanda rigunansa ba su wuce uku ba, sai ya wanke ɗaya ya jira ta bushe kafin ya fita. Ɗan'uwa, babu zargi a kanka a cikin wannan magana. Kai ne ma farkon wanda zai amfana idan sauranmu suka ji suka yi aiki da ita. Da wanda Allah ya hore masa har kaya suka yi masa yawa nake magana, kuma irinsu suna da yawa a cikinmu, har a gidajen da ake kukan babu.

Ku zo mu leƙa wani ɗaki da safiyar Asabar, ranar ɗaurin aure. Uwargida ta buɗe durowa, ƙamshin kafur da tsohon turare ya buso. A sama ga turamen atamfa a jere, wasu ko takardar kamfani ba a ɓare ba, tun na lefenta. A tsakiya ga leshin ankon bikin ƙanwarta, sau ɗaya ya ga rana. Ga wata riga da ta matse ta tun haihuwar fari, tana ajiye da ita ko wata rana za ta rame. Ga mayafai an cusa su a lungu sun cukurkuɗe. Ta zaro wannan ta yar a kan gado, ta zaro wancan ta ga layin ninki ya koɗe, ta ɗago na ƙasa ta tarar sanyin damina ya sa ya yi funfuna. Bayan rabin awa gado ya cika, ta zauna a bakinsa ta yi tagumi ta ce, "Ni fa ba ni da kayan sawa."

Ba ƙarya ta yi ba. Kayan da take sawa da gaske, waɗanda suka yi mata daidai kuma take jin daɗinsu, ba su da yawa, kuma sun nutse a cikin waɗanda ba ta sawa. Maigida ma kada ya yi murmushi, domin shi ma ga huluna sun fi ashirin a saman durowa, uku kawai yake juyawa, ga babbar rigar da aka yi wa aiki mai tsada tana rataye tun Sallar bara waccan.

To yaya aka yi muka kai nan? Idan muka faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin abin da ya cika ɗakunanmu ba jikinmu ne ya nema ba. Idon mutane muka saya wa. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna a zukatanmu yau.

Ku duba anko. Biki ɗaya sai a fitar da kala uku: na kamu, na yini, na walima. Mace ta san ba ta da hali, amma tana tsoron a ce ba ta yi kara ba, sai ta ci bashi ko ta kwashe kuɗin adashi. Bayan biki kuwa kowa a unguwa ya san wannan zanen na bikin wance ne, sai ta ji nauyin sake ɗaura shi. Ku duba lefe. Abin da asalinsa kyautatawa ce ga amarya ya koma ƙidaya: akwati nawa aka kawo, turmi nawa ne a ciki, an fi na gidan su wance ko ba a fi ba. Saurayi ya shekara yana tari, wani ma auren ya gagare shi saboda akwati. Ku duba kayan ɗaki. Uba ya sayar da gona ko dabba don ya fita kunya, a jera wa yarinya kuloli da tangaran da za su tsufa a cikin gilashi ba a taɓa zuba musu miya ba.

A nan dole mu yi wa iyayenmu na da adalci. Lokacin da suke jera kwalla da tasoshi da kumbo, jeren nan asusu ne. Ranar da ta ɓaci, mace za ta kira dillaliya ta ba ta kwano biyu ta sayar, ta yi maganin matsalarta ba tare da ta roƙi kowa ba. Kayan suna da ƙarko, suna riƙe daraja. Yawancin kayan roba da na gilashin da muke tarawa yau, daga ranar da suka bar kanti sun faɗi, in aka zo sayarwa ko rabin kuɗinsu ba a samu. Mun riƙe al'adar jere, amma hikimar da ke cikinta ta zube a hanya.

Sai kuma arha. Kaya sun cika kasuwa, daga Kantin Kwari zuwa Ƙofar Wambai a Kano, ga kuma masu talla a waya, kana kwance a ɗaki hoton atamfa zai same ka. Mutum ya fita sayen abu ɗaya ya dawo da huɗu, don kawai an ce an karya farashi. Hausawa kuwa tun tuni suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, duniya ce gaba ɗaya ta faɗa ciki. A shekarar 2017, Gidauniyar Ellen MacArthur ta ƙasar Ingila ta fitar da rahoto a kan masana'antar tufafi. Ta nuna cewa daga 2000 zuwa 2015 yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya kusan ninkawa biyu, yayin da adadin sawar da ake yi wa kowace riga kafin a jingine ta ya ragu da kashi 36 cikin 100. Rahoton ya ce a kowace daƙiƙa ana zubarwa ko ƙona tufafin da za su cika motar shara guda, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Kowace riga tana da abin da ta ci kafin ta iso gare ka. Masana sun ƙiyasta cewa ƙaramar riga ɗaya ta auduga tana cin ruwa kusan lita 2,700, daga noman audugar zuwa rini. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa zai fi kowa gane wannan lissafi: jarka 108 ke nan, mai cin lita 25. Fiye da rabin zaren da ake yi a duniya yau kuma na roba ne, daga man fetur ake samo shi, shi ya sa irin wannan yadi ba ya ruɓewa in an yar da shi. Sai ya toshe magudanar ruwa, in an ƙona shi kuma hayaƙinsa ya shiga ƙirjin yara.

Arhar ma akwai wanda ke biyan kuɗinta. Ranar 24 ga Afrilun 2013, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a kusa da birnin Daka na ƙasar Bangaladesh. A cikinsa akwai masana'antun da ke ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka tufafi. An ga tsagewa a jikin ginin tun ana gobe abin zai faru, amma aka sa ma'aikata suka koma bakin aiki. Mutum 1,134 ne suka rasu, yawancinsu mata matasa masu ɗinki, sama da 2,500 suka ji rauni.

In kuma masu sayen sun gaji da rigar, ina take zuwa? Kaso mai yawa nahiyarmu yake zuwa a cikin dila. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Gana sun san kasuwar Kantamanto a birnin Akra. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ne ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, a bola da bakin teku suke ƙarewa. 'Yan mata 'yan dako, yawancinsu daga arewacin ƙasar, su ke ɗaukar dila mai nauyin kilo 55 a ka. Gwanjo yana rufa wa miliyoyin mutane asiri, mai saye da mai sayarwa, wannan ba a musu. Amma idan abin da ake turowa ya fi ƙarfin masu sawa, ya tashi daga taimako ya zama an kwashe sharar wani gida an jibge a wani.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan rage tufafi da tarkacen gida, yadda mutum zai tsaya a kan abin da ya ishe shi.

A ƙasashen da kaya suka fi yi wa yawa, mutane sun daɗe da fara neman mafita. Tun a shekarun 1970 wata mai kantin tufafi a Landan, Susie Faux, take koya wa masu sayayya su mallaki 'yan kaya kaɗan masu inganci, waɗanda kowanne zai shiga da ɗan'uwansa. A 2010 wata Ba'amurkiya, Courtney Carver, ta fito da wani gwaji: mutum ya zaɓi abu 33 kacal, har da takalma da kayan ado, ya yi wata uku da su. A 2011 kuma wata 'yar Japan, Marie Kondo, ta wallafa littafi a kan kintsa gida wanda aka fassara zuwa harsuna da dama, ya sayu miliyoyi. Dabararta ita ce a tattaro kaya iri ɗaya gaba ɗaya a wuri guda, a ɗauki kowanne a hannu a yanke masa hukunci, a fara da tufafi, a bar kayan tunawa da mutane zuwa ƙarshe, domin su suka fi wuyar rabuwa.

Akwai abin ɗauka a dabarunsu, kuma za mu ɗauka. Amma tushen maganar muna da shi a gida. A Suratul A'araf, aya ta 31, umarnin yin ado da hanin yin israfi a wuri guda suka zo. A ƙarshen Suratul Furƙan, an yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro. Wato addini bai ce ka yi ƙazanta ba, bai ce ka yi rowa ba. Tsakaici ya nema.

Tarihinmu ma ya nuna mana irin ƙarfin da wadatar zuci ke ba mutum. Masana tarihi sun ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tufafinsa kaɗan ne ƙwarai. A wajajen 1788, lokacin Babbar Sallah a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta, ya ware wa Shehu kaso mai tsoka. Shehu bai karɓa ba. Maimakon dukiya sai ya nemi abubuwa biyar, daga ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Da a ce ransa yana kan abin hannun sarki, da bakinsa bai iya furta waɗannan buƙatu ba. A zamaninmu kuma ga Malam Aminu Kano, wanda aka sani da farar riga marar ado da jar hula. Ya riƙe muƙamin minista, ya jagoranci jam'iyya, amma da ya rasu a 1983 bai bar tarin dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yau cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Har gobe ba a tuna shi da yawan riguna, da gaskiyar da ya tsaya a kai ake tuna shi.

To yanzu mu zo ga aiki. Ta ina za a fara?

Da farko, ka ware yini guda ko rabin yini, ka shimfiɗa tabarma, ka fito da tufafinka gaba ɗaya: na durowa, na akwati, na rataye a bayan ƙofa, na wurin mai wanki da guga, har da wanda ke wurin tela. Kada ka bar ko ɗaya a ɓoye. Ganin tarin a wuri guda shi ne rabin maganin, domin mutum ba ya sanin yawan abin da ya mallaka sai ya gan shi a tsibe.

Na biyu, ka ɗauki kowace tufa ka yi mata tambaya uku. Ta yi mini daidai a jikina na yau? Na sa ta a cikin shekara guda da ta wuce? In da yau na gan ta a kasuwa, zan ciro kuɗina in saya? Na ce shekara guda ne saboda yanayinmu. Shekara ta ƙunshi hunturu da bazara da damina, ta ƙunshi Sallah biyu da bukukuwa. Rigar sanyi ba za a hukunta ta a watan Afrilu ba. Amma tufar da ta ga duk waɗannan lokuta tana ninke, ta riga ta gaya maka ba ka bukatarta.

Na uku, ka kasa su huɗu: na riƙewa, na gyara, na bayarwa ko sayarwa, da wanda ya mutu. Na gyara kada ya kwana biyu a ɗaki. Ka kai wa tela ya rage ko ya buɗa, ya sa maɓalli, ya canza zif. Shaddar da ta koɗe a kai ta rini, a kai wa masu bugu, za ta dawo da kyanta. Wannan sana'a tamu ce tun kaka da kakanni. Karofin Ƙofar Mata a Kano ana cewa tun 1498 yake, kuma har yau ana rini a cikinsa. Tsohon zanen uwa yana zama rigar yarinya, ko rigar matashin kai, ko zanen goyo. Wanda ya mutu kuwa a yanka shi tsumman goge-goge. Kada a ƙona na roba, kada a jefa a kwata.

Na huɗu, ka sa wa kanka iyaka. Ba zan ba ka lamba ba, domin bukatar malamin makaranta daban take da ta manomi, ta mai jego daban take da ta ɗaliba. Amma ga ma'auni: kayan yau da kullum da za su kai ka daga wanki zuwa wanki, kayan aiki, 'yan kaya masu kyau na Juma'a da Sallah da taro, sai na sanyi. Ka zaɓi launukan da ke shiga da juna, yadda hula ɗaya za ta hau riga uku, mayafi ɗaya ya shiga da zane huɗu. Sannan ka bar durowarka ta zama iyakarka. In ta cika, kada ka sayi wata durowar. In sabo ya shigo, tsoho ya fita.

Yanzu maganar bayarwa, kuma a nan ina roƙon mu natsu. Kwance ba zubar da shara ba ne. Abin da za ka ji kunyar a gan ka da shi, kada ka miƙa wa wani don shi talaka ne. Addini ya hana mu zaɓo lalataccen abu mu ce shi ne sadaka. A wanke, a goge, a ninke, a sa a leda mai kyau, a bayar a asirce. A fara da na kusa: dangi, maƙwabta, mai taya aikin gida. Sai almajirai, gidajen marayu, 'yan gudun hijira, da waɗanda ke gidan gyaran hali. A kuma lura da lokaci. Rigar sanyi da bargo kafin hunturu ya shigo ake ba da su. Kayan yara masu kyau a ba da su ana saura kwanaki Sallah, yadda uwa za ta san ta huta da tunanin abin da ɗanta zai sa. Mu tuna ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle: dubban iyalai sun fito daga su sai kayan jikinsu. Zanen da ya shekara biyar yana jiran ranar da ba ta zuwa, a irin wannan rana sutura ce ga wata baiwar Allah. Wanda kuma yake bukatar kuɗi, babu laifi ya sayar. Turmin da ba a yanka ba dillaliya za ta karɓa, kuɗin ya shiga jari ko kuɗin makaranta.

(Gajeren kiɗa)

In an gama da tufafi, sai a bi sauran gida da irin wannan tsari, iri-iri, ba a rana ɗaya ba. A kicin, a fito da tukwane da kuloli da robobi. Robar da ba ta da murfi, murfin da ba shi da roba, fulas ɗin da ya daina riƙe zafi, duk su fita. Tukunyar taro da ake bukata sau biyu a shekara ba dole kowane ɗaki ya mallaki tasa ba. Aro tsakanin maƙwabta al'adarmu ce, kuma tana ƙara zumunci. Magungunan da wa'adinsu ya wuce a raba su da gida, domin haɗari ne ga yara. Matattun wayoyi da caja da rediyo da tsohon ƙarfe a ba masu gyara ko 'yan gwangwan, kada a ƙona batir. Takardu kuwa a yi hattara: takardar fili, shaidar haihuwa, sakamakon makaranta, katin asibiti, takardar yarjejeniya ko ta bashi, waɗannan a haɗa su a jaka guda, a sa a inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. Kayanka za ka rage, ba na wani ba. Maigida, kayan ɗakin matarka mallakarta ne, ba ka da ikon fitar da ko cokali sai da yardarta. 'Ya'ya, kada ku shiga ɗakin tsohuwa ku kwashe mata adaka da sunan gyara. Abin da kuke gani tarkace, wataƙila zanen mahaifiyarta ne. Ka fara da naka. In suka ga ɗakinka ya yi fili, ka daina neman abu kana ɓata rai, su da kansu za su tambaye ka yadda ka yi.

Sai dai duk wannan aiki zai tashi a banza idan ƙofar da kayan ke shigowa tana buɗe. Kafin ka sayi tufa, ka yi lissafin sawa. Misali, shadda mai kyau ta naira 30,000 da za ka sa sau 60, kowace sawa ta tsaya maka naira 500. Ankon naira 15,000 da za a sa sau biyu, kowace sawa naira 7,500 ce. Ka ga wanda ake kira mai arha shi ne mai tsada. In abu ya burge ka a kasuwa ko a waya, ka ba shi mako guda. In bayan mako har yanzu kana ganin gurbinsa a cikin kayanka, ka saya. Sau da yawa kafin makon ya cika ka manta da shi.

Babbar ƙofa kuwa ita ce ta biki, kuma mutum ɗaya ba ya iya rufe ta, sai dangi sun haɗa baki. Ba faɗa ake bukata ba, magana ce mai daɗi a kan lokaci. Ƙanwa za ta iya samun yayarta tun kafin a sa rana ta ce, "Yaya, don Allah bikin nan mu tsaya a anko ɗaya, mai sauƙin kuɗi. Wadda ba ta samu ba ta sa abin da take da shi, zuwanta muke so." Uwar amarya za ta iya aika wa dangin ango cewa, "Ku kawo abin da ya sawwaƙa, mu albarka muke nema. Abin da ya rage ya riƙe su yi cefane." Uba zai iya zama da 'yarsa ya ce, "'Yata, ga abin da na tanada. Kin fi son a cika miki ɗaki da jere, ko a yi miki daidai bukata a saya miki keken ɗinki da sauran?" Za a yi surutu, wannan tabbas ne. Amma surutun biki kwana nawa yake yi? Bashin biki kuwa yana iya bin gida shekaru. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Kuma masu hali su ya kamata su fara, domin in mai kuɗi ya taƙaita ana cewa tsari ne, sai talaka ya samu inuwar fakewa.

Wani zai ce, to 'yan kasuwa da teloli fa, in kowa ya rage saye? Tambaya ce mai kyau. Ba cewa muka yi a daina sa sutura ba. Wanda ya daina sayen yadi biyar marasa ƙarko zai iya sayen biyu masu kyau, ya biya tela kuɗin ɗinki mai kyau ba tare da ja-in-ja ba, ya kai gyara, ya kai rini, ya sayi hular da aka ɗinka da hannu. Ɗan kasuwa kuma ya fi kowa sanin cewa ciniki ɗaya na kuɗi hannu ya fi uku na bashin da ba a biya. Kuɗin da ya tsira daga tarkace ba ya barin gari, yana komawa ga abinci da magani da karatun yara da jari.

Akwai wani wuri da kowannenmu ya taɓa zama, wato wurin rabon gado. An fito da kayan mamaci tsakar gida, ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ana yi musu kuɗi, mai rubutu yana rubutawa. Sai ka ga an ɗago riga sabuwa fil, ko sau ɗaya bai sa ba. An ɗago turamen da ta yi shekaru tana adanawa, asu ya huda su ta wurin ninki. Da an ba da su tun da rai, da sun suturta wani, da ladan ya riga mai su isa. Abin da ka sa ka more, da abin da ka bayar da hannunka, su ne rabonka a cikin kayan nan.

Don haka ga aikin wannan mako, masu sauraro. Kada ku ce sai kun juye gida gaba ɗaya. Akwati ɗaya ko durowa ɗaya ta isa. Ku fito da abin da ke ciki, ku yi wa kowanne tambayoyin nan uku, ku kai na gyara wurin tela, ku wanke na bayarwa ku miƙa shi ga mai bukata kafin Juma'a mai zuwa. Wanda kuma ake shirin biki a gidansu, ya nemi babba ɗaya a dangi ya yi masa maganar anko da lefe tun yanzu, kafin a je kasuwa.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a abin da ya hore mana, ya suturta wanda ba shi da shi.  

(Kiɗan rufe shiri)